Babi na Shida: Idan Babur Ya Daina Cajin Batir

Darasi na 1: Abubuwa uku da ke ba babur wuta

An danna sitata, sai a ji ƙas-ƙas, inji ya ƙi tashi. Fitila ta yi ja, hon ya shaƙe. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su sayo sabon batir, bayan mako biyu shi ma ya mutu, sai a ce jabu ne. Sau da yawa batirin ba shi da laifi. Batir ba ya samar da wuta, ajiye ta kawai yake yi, kamar randa: in ba a zuba mata ruwa, komai girmanta sai ta ƙafe.

Mai samar da wutar shi ne kwayil. Yana cikin murfin inji, galibi ta hannun hagu. Wayar tagulla ce aka nannaɗe, maganaɗisu yana juyawa a kewayenta duk lokacin da inji ke aiki. Wutar da yake fitarwa mai kai da komo ce, batir ba ya karɓar irinta. Saboda haka sai ta bi ta rektifaya, wani ɗan akwatin ƙarfe mai haƙarƙari da wayoyi ke fita daga jikinsa. Aikin rektifaya biyu ne: ta miƙar da wutar ta koma hanya ɗaya, ta kuma rage ta kada ta wuce abin da batir zai iya ɗauka. Kwayil, rektifaya, batir. Ku faɗe su da baki sau uku a jere, haka wutar take tafiya.

Darasi na 2: Saita mita

Kada gabanku ya faɗi don kun ga mita, wato 'yar na'urar hannu da ake auna wuta da ita, cike da rubutu. A cikin duk alamomin nan, uku kawai za mu yi aiki da su.

Mita tana da waya biyu, ja da baƙa. Baƙar ta shiga ramin da aka rubuta COM. Jar ta shiga ramin da ke da harafin V. Akwai wani rami da aka rubuta 10A, kada jar waya ta shiga can yanzu. In tana can kuka taɓa batir, fiyus ɗin mitar zai ƙone, wani lokaci har da tartsatsi.

Yanzu ku dubi abin murɗawar da ke tsakiya. Harafin V ya fito wuri biyu. Ɗaya yana da miƙaƙƙen layi a kusa da shi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin layin, wasu mitoci sun rubuta DCV. Ɗayan yana da layi mai lanƙwasa, wasu sun rubuta ACV. Batir ana auna shi a kan V mai miƙaƙƙen layi, a lamba 20. Miƙaƙƙen layi, lamba 20.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne, alamomin biyu sun yi kama. Mutum zai bar mita a kan layi mai lanƙwasa, ya taɓa lafiyayyen batir, ya ga sifili ko wata lamba marar kan gado, ya yanke hukunci cewa batir ya mutu. Don haka kafin kowane awo ku ɗora yatsa a kan abin murɗawar, ku faɗa a fili: miƙaƙƙen layi, ashirin. Ku mayar da shi kan OFF, ku sake nemo wurin. Ku yi haka sau biyar kafin ku wuce wannan shafi. Wanda ya samu tun farko ma ya yi.

Sai maganar ɗigo. Idan mita ta nuna 12.6, ana karanta shi sha biyu da ɗigo shida. Ba ɗari da ashirin da shida ba ne. Lambar da ke bayan ɗigon ƙarama ce a ido, amma ita ce ke raba cikakken batir da wanda ya yi rabi.

Darasi na 3: Awon batir, inji a kashe

Ku kashe babur, ku bar shi ya huta aƙalla awa ɗaya. Batirin da aka sauko daga tafiya yanzu yana nuna lamba fiye da gaskiyarsa.

Ku duba mita: miƙaƙƙen layi, ashirin. Jar waya a kan ƙafar batir mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −. In kun ga ɗan layi ya fito a gaban lambar, kun juya wayoyin ne, babu abin da ya lalace, ku musanya su.

Lambar da mita ke nunawa folt ce, wato ma'aunin ƙarfin wuta. Folt 12.6 zuwa 12.8, batir ya cika. 12.4, ya ɗan ragu. 12.2, ya kai wajen rabi. Ƙasa da 12.0, ya sauka sosai, sai an yi masa caji kafin a ci gaba, domin awon da ke tafe ba ya faɗin gaskiya a kan batirin da ba komai a cikinsa. Cajin kuma a hankali ake yi, da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Batirin da aka rubuta 7Ah a jikinsa yana son amfiya 0.7 (amfiya ma'aunin yawan wutar da caja ke zubawa ce), na wajen awa 10. Cajin gaggawa da babbar cajar mota dafa shi yake yi.

In ya cika, ku bar wayoyin mita a kansa, wani ya danna sitata. Lambar za ta sauka, wannan daidai ne. In ta faɗi ƙasa da 9.5, batirin ya gaji, ko da ɗazu ya nuna 12.6.

Darasi na 4: Awon batir, inji yana aiki

Wannan awon ne ke nuna ko babur yana caji. Giya a firi. Ku tayar da inji. Kafin ku taɓa komai, mita tana ina? Miƙaƙƙen layi, ashirin. Na san na faɗa. Zan sake faɗa, domin mutum yana jin ƙarar inji sai ya manta da abin da ya koya jiya.

Ja a kan +, baƙa a kan −. Ku kunna babbar fitila, ku murza totur zuwa matsakaici, wajen juyi 4,000 zuwa 5,000 a minti in babur ɗin yana da agogon juyin inji. Lafiyayyen babur zai nuna 13.5 zuwa 14.5. In lambar ta tsaya a 12 da wani abu, ko tana raguwa, wuta ba ta isowa batir. In ta haura 15, rektifaya ta daina rage wuta. Alamun wannan su ne ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, batir yana zafi yana kumbura, ruwansa yana ƙafewa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kada a ci gaba da hawa a haka.

Akwai masu cire wayar batir inji yana aiki, wai in bai mutu ba to yana caji. Ku daina. Wutar takan yi tsalle ta ƙona rektifaya da akwatin da ke ba fulogi wuta, a je gwaji a dawo da asara biyu. Kuna da mita a hannu, me ya kai ku?

Darasi na 5: Soket da wayar bodi

Kafin a zargi kwayil ko rektifaya, a duba abin da ba ya cin kuɗi. Ku kashe inji. Ku bi wayoyin da suka fito daga murfin inji har zuwa soket ɗin da ya haɗa su da rektifaya, ku zare shi. In robar ta narke ko ta yi baƙi, ko ƙarfen ciki ya yi kore, nan wutar take maƙalewa. Haɗin da ya yi sako-sako yana zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, har ya ƙone. A kankare ƙarfen, a matse shi, in ya ƙone a canza soket ɗin gaba ɗaya. Murɗa waya da hannu a naɗe da leda ba gyara ba ne.

Ku duba babban fiyus, da ƙafafun batir, da baƙar wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen babur, wato wayar bodi. Wajen kwance batir, − ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa.

Darasi na 6: Awon kwayil

A nan kaɗai ake komawa V mai lanƙwasa, a lamba 200. Soket a zare, inji yana aiki. In wayoyin rawaya da suka fito daga kwayil uku ne, a auna su bibbiyu, awo uku ke nan. Lamba ta riƙa hawa in an murza totur, a babura da yawa takan kai 50 ko fiye. Abin lura shi ne ukun su zo kusan ɗaya. In guda ta yi ƙasa sosai, kwayil ya ƙone.

Sai a kashe inji, a kai mita kan alamar Ω, mai auna yadda waya ke tare wuta, lamba 200. Tsakanin rawaya da rawaya, lambar ƙarama ce, galibi ƙasa da 1. Tsakanin rawaya da ƙarfen inji kada a sami haɗi. Wasu ƙananan babura an haɗa kwayil ɗinsu da bodi tun daga kamfani, a nan sai a duba littafin babur ɗin.

Da kun gama, ku mayar da mita kan miƙaƙƙen layi, ashirin. Wanda ya manta, gobe zai zo yana cewa batirinsa ya mutu, kuma ba zan saurare shi ba.

Darasi na 7: Rektifaya

In batir lafiya, soket lafiya, kwayil lafiya, amma babu caji, rektifaya ce. Ba a gyara ta, canzawa ake yi. A sayi mai adadin waya iri ɗaya, a ɗaure ta inda iska ke bugunta.

Darasi na 8: Shekara nawa suke yi?

Batir yakan yi shekara 2 zuwa 5. Zafi da girgiza da barinsa babu caji na makonni su ke rage masa kwana. Mai murfi a riƙa ƙara masa tataccen ruwa zuwa layin sama, ban da asid, ban da ruwan famfo.

Kwayil da rektifaya ba su da ƙayyadadden wa'adi, wasu har babur ya tsufa ba a taɓa su ba. Zafi ne ke kashe su: ƙarancin baƙin mai a inji, mataccen batir da aka bari a jiki, da ƙarin fitilu fiye da ƙarfin kwayil.

Darasi na 9: Batir yana sauka babur a ajiye

Wani abu ne ke shan wuta bayan an zare makulli. A fara cire abubuwan da aka ƙara daga baya, kamar cajar waya da ƙararrawar ɓarayi, ɗaya bayan ɗaya, a auna batir da safe.