Yadda za ka samo bayanan fansho na gwamnati in bincike kake yi

Ƴan uwa masu mastas da PhD a harabar ABU Zariya ta Samaru da ta Kongo, duk wanda furojet ɗinsa ya shafi fansho ko kuɗin nakasa ko haƙƙin magada, kafin ka buga takardun tambayoyi ka tafi tare tsofaffi a bakin banki ka sani hukumomin da ke biyan kuɗin nan sun riga sun tara bayanai masu yawa, kuma da yawa kyauta ne, data kawai za ka ci.

Fara da tantance wane tsari kake magana a kai, don nan ake cakuɗa abu. Ƴan fanshon tarayya na tsohon tsari suna hannun PTAD, hukumar da ke biyan su. Sabon tsari na adashi dokar 2004 ce ta kawo shi, aka sake ta a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10 mafi ƙaranci, hukumar fansho ta ƙasa PenCom ke sa ido. Rauni ko nakasa a wajen aiki kuma wannan na asusun inshorar ma'aikata NSITF ne, dokar 2010. In ka haɗa su a tebur ɗaya sufabaiza zai dawo maka da shi da jan biro.

Sai ka shiga shafin PenCom ka sauke rahoton wata uku-uku da na shekara. Za ka ga yawan masu asusu, maza da mata, rukunin shekaru, waɗanda suka yi ritaya, da abin da aka biya magadan waɗanda suka rasu. Yawanci PDF ne, dole ka zauna ka kwafe cikin Excel da hannunka, toh a nan ka buɗe ido sosai, wani tebur na wata ukun nan ne kaɗai wani kuma jimla ce tun farkon tsarin, in ka tara su tare ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu ba ka sani ba. Kuma nairar 2015 ba ita ce ta yau ba, ka ɗauko alƙaluman hauhawar farashi na hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ka daidaita.

Bayanan mutum ɗaya-ɗaya fa? Gaskiya kar ka gina tesis ɗinka a kansu. Ka karɓi wasiƙa daga sashenku, ka rubuta a ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma ita kanta dokar ta kare sirrin mutane, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Don haka tebur za ka roƙa, ba sunaye ba: shekara kaza zuwa kaza, jinsi, jiha.

In kuma so kake ka koyi aiki da bayanan ɗaiɗaikun mutane, leƙa Amurka. Hukumarsu SSA tana biyan ritaya ƙarƙashin dokar 1935, aka ƙara magada a 1939, nakasa a 1956. Duk shekara tana fitar da kundin alƙaluma, sannan akwai fayil na 2004 da kowa zai iya saukewa, samfurin kashi 1 cikin 100 na masu karɓar kuɗi haɗe da tarihin albashinsu, an cire duk abin da zai nuna waye. Dan Allah ka karanta littafin bayanin lambobin kafin ka loda shi a manhajar nazarin alƙaluma irin su Stata ko R. Fayil ɗin SSA da aka haɗa da binciken tsofaffi na Jami'ar Michigan, da aka fara a 1992, shi sai da izini da yarjejeniya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, don biyan kuɗi aka rubuta bayanan nan, ba don bincikenka ba. Wanda bai shiga tsarin ba babu shi a ciki. Ɗan kasuwar Sabon Gari, mai shayi a Tudun Wada, manomi a Giwa, yawancinsu ba za ka gan su ba duk da ƙaramin fanshon masu sana'a da aka ƙaddamar a 2019. Matar da mijinta ya rasu ba ta iya haɗa takardun gado ba ita ma ba ta cikin lissafin magada. Wannan ka rubuta shi ƙarara a babi na uku, sannan ka ware ƴan kuɗin mota ka je ka yi hira da irin waɗannan mutanen.