Kurakuran da kurtu ke yi a sintiri, da inda gyaran yake

Yaro zai fito daga kwalejin 'yan sanda, ta Kaduna ce ko ta Maiduguri, ya iya fareti, ya iya sara wa na gaba da shi, ya iya kwance bindiga ya mayar. Sintiri kuwa a kan titi ake koyonsa, a hannun sajen da aka haɗa shi da shi. In sajen malalaci ne, an gama da yaron tun watan farko.

Uban kurakurai shi ne zaman mota. A kafa Hilux gindin bishiya ɗaya, a mahaɗa ɗaya, kullum bayan isha'i, a tashi sha ɗaya. Kafin mako ya zagayo ɓarayin unguwa sun fi DPO sanin jadawalin. Maganinsa a sauko a taka lungu bibbiyu, a riƙa sauya hanya da lokaci. Lokacin da nake fita da sababbin yara, in mun dawo nakan tambaye su: shago nawa ne a buɗe a layin da muka bi? Wace fitila ce ta mutu? Daren farko sai kallon-kallo. Bayan sati biyu wani ya ce min, "Oga, mai gadin kemis ɗin nan yau ba ya nan, kuma kwaɗon ƙofar sabo ne." Ranar na san ya fara aiki. Mai shayi, ɗan acaɓa da mai unguwa sun san wanda ya shigo da baƙuwar fuska, amma ba sa faɗa wa wanda bai taɓa gaishe su ba.

Sai tsayar da mutane. "Kai, zo nan!" ba buɗin magana ba ne, neman rigima ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kafin ka caje mutum ka gaya masa sunanka, ofishinka, abin da kake nema da dalilinka. Ta kuma ce aski, sutura ko shekarun mutum ba hujjar zargi ba ne. Tare matasa don gashin kansu da bincikar wayoyinsu na cikin abin da ya haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. A horo, a sa kurtu ɗaya ya zama direba mai taurin kai, ɗaya ya tsayar da shi, a maimaita har bakinsa ya saba da "Sannu malam, don Allah buɗe mana but."

Bindiga kuwa, yatsa ba ya hawa kunama sai rai na cikin haɗari, kuma ba a ɗana ta don tsorata mai a-daidaita-sahu. Umarnin runduna mai lamba 237 kan amfani da ƙarfi da bindiga, da aka sabunta a 2019, ya kamata kurtu ya sani kamar lambarsa ta aiki.

Wani abin da aka mayar al'ada: a je kama yaro, a tarar ya gudu, a taho da ubansa ko matarsa. Sashe na 7 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya haramta kama wani a madadin wani. Rikicin bashi ma na kotu ne, ba na caji ofis ba. Wanda aka kama bisa ƙa'ida, tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40.

Littafin aljihu shi yara suka fi rainawa. A rubuta lokaci, wuri, lambar mota da wanda ya gani, nan take, ba da safe ba. Wata takwas bayan haka lauya zai miƙe ya ce, "Kofur, ƙarfe nawa ka tsayar da shi?" Saje ya duba littafin kowa, ya sa hannu, kafin a sauka daga aiki.