Darasi: Gyaran Ƙoda da Dafa Ta

Mutane da yawa suna gudun ƙoda saboda zarni. Zarnin nan yawancinsa yana cikin farin kitse da jijiyoyin da ke tsakiyarta, inda fitsari ke taruwa kafin ya fita. In aka cire su da kyau, an gama rabin aikin.

Ku sayi ƙoda mai sheƙi, wadda ba ta yi lagwab ba, kuma ba ta da ƙuraje ko tabo. Ta rago da ta akuya sumul suke kamar ƙwayar wake, ta saniya kuwa babba ce mai ƙullutu-ƙullutu. Tana saurin lalacewa, don haka ko a firji kada ta wuce kwana 2.

Ku fara ɓare siririn tantanin da ya lulluɓe ta, in an bar shi zai takure a wuta ya murɗe naman. Ku tsaga ta biyu a tsaye. Za ku ga farin yana reshe-reshe cikin jan nama, ku bi shi da bakin wuƙa ko almakashi har ya fita tas. Kada a yi gaggawa a nan. Sai ku jiƙa ta a ruwan sanyi lita 1 da gishiri babban cokali 1: ta rago minti 30, ta saniya awa 1 zuwa 2, ana canza ruwan. Ku tsane ta sosai, domin jiƙaƙƙiyar ƙoda ba ta soyuwa, ruwa kawai take fitarwa.

Ta rago, mai ya yi zafi, a soya kowane gefe minti 3, har jini ya daina fitowa daga cikinta. Ta saniya a yanka ƙanana, a dafa da albasa a wuta kaɗan, awa 1 da rabi zuwa 2. Wadda ta wuce gajeriyar suya amma ba ta kai doguwar dahuwa ba ita ce ke yin tauri.

A giram 100 na ɗanyar ƙodar saniya akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 17, kitse giram 3 kacal. Tana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da bitamin B12 da ya ninka buƙatar babban mutum ta yini fiye da sau 10.

Amma kolastarol ɗinta, wato sinadarin da kan toshe jijiyoyin jini in ya taru, yana da yawa, kuma tana ƙara sinadarin yurik asid a jini, wanda kan taru a gaɓɓai ya sa su ciwo. Mai ciwon gaɓɓai irin na gawut ya guje ta, sai dai da izinin likita.