Kafin Ka Sayi Kyamarar Maikuroskof a Ƙasar Waje

'Yan'uwa daga Bauchi da Gombe da kuka iso Ingila, Jamus ko Malesiya karatun gwajin jini da ƙwayoyin cuta, na san da yawanku na da burin komawa gida da kyamarar da za a ɗora wa maikuroskof. Kada a yi gaggawa. A watannin farko yi ta aiki da kyamarorin ɗakin gwajin makarantarku, ka kuma shaƙu da ma'aikacin da ke kula da su, don ya fi mai shago sanin wadda ke jure wahala.

Daga nan sai ka kira gida a turo maka hoton maikuroskof ɗin da za ka koma wa, a jami'ar ATBU ta Bauchi yake ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. In yana da baki na uku a sama, kyamara mai C-mount (bakin da ake murzawa a ɗaure) za ka nema, tare da mahaɗin kamfanin da ya ƙera maikuroskof ɗin, domin na Olympus ba ya hawa kan Zeiss. In idanu biyu ne kawai, sai wadda ake zurawa a ramin ido. A auna maka faɗin ramin, galibi milimita 23.2 ne ko 30.

Yawan megafiksel shi ke ruɗin mutane. Maikuroskof mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza kusan maikuron 0.2 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka a gilashin 100x da ake ɗiga wa mai, inda ake farautar ƙwayar maleriya, megafiksel 5 ya wadatar. Abin da ya wuce haka ɓarnar kuɗi ne. Girman sensa, wato ɓangaren kyamara mai ɗaukar haske, ya fi cancantar dubawa: mai rabin inci tana buƙatar gilashin ragewa na 0.5x, in ba haka ba tsakiyar filin kaɗai za ka gani. Ka zaɓi USB 3.0, kada hoton ya riƙa tsalle kana saita shi. Rinin Giemsa da Gram, da ake rina samfuri da su don ƙwayoyin su fito, kuwa sai kyamara mai kala.

Ka tuna da wutar gida. Wadda ke jan wuta daga laftof ba ruwanta da ɗaukewar NEPA. Fulogin Ingila irin namu ne, amma kayan Amurka na bolt 120 sai ka duba jikin cajar ko tana ɗaukar 230.

Manhajar ImageJ ta nazarin hotuna kyauta ce, ka koye ta tun kana can, ka riƙa adana hotuna a tsarin fayil na TIFF. Ka haɗo da murfin sensa da 'yar robar hura iska, saboda ƙurar hunturun Gombe in ta sauka kan sensa, a kowane hoto za ta fito kamar ƙwayar cuta.