Darasi na Tara: Cutar da Likita Bai Saba Gani Ba

Wata cuta takan zo da alamun da kowa ya sani, likita ya duba, ya rubuta magani, bayan kwana uku mutum ya miƙe. Wata kuwa sai a shekara ana kai majiyyaci daga wannan asibiti zuwa wancan, kowane likita da sunan da zai ba ta, magani kuma bai kama ba. A cikin irin waɗannan akwai cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ana sa cuta a wannan rukuni idan ba ta kama fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ba, a Amurka kuwa sai idan masu ita ba su kai 200,000 ba. An san irinsu fiye da 6,000, yawancinsu tushensu yana cikin ƙwayoyin halittar da ɗa yake gada, kuma idan aka tara masu fama da su a duniya za su kai kimanin miliyan 300.

Ba sakacin likita ne kaɗai yake jawo jinkirin gane su ba. An horar da likita ya fara zargin cutar da ta fi yawa, kuma hakan daidai ne, domin sau da yawa ita ce. Matsalar ita ce cutar da ba a saba gani ba takan yi shigar burtu, ta zo da alamun wata. Misali, akwai cutar Wilson, wadda wani likitan jijiyoyi mai wannan suna ya bayyana a 1912. Jikin mai ita ba ya iya fitar da sinadarin jan ƙarfe da yake shiga ta abinci, sai ya riƙa taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Yaro ko matashi zai fara da shawara, a ce ciwon hanta ne. Wani hannunsa ne zai kama rawa, maganarsa ta sarƙe. Wani kuma halinsa ne zai canza har a ɗauka taɓin hankali ne. Likitoci uku za su iya ganin mutum ɗaya, kowa ya yi maganin ɓangaren da ya shafe shi, alhali idan likitan ido ya haska da na'urarsa yana iya ganin wani zobe mai launin ƙasa-ƙasa kewaye da baƙin idon, gwajin jini da na fitsari kuma su tabbatar. Akwai magungunan da suke fitar da sinadarin, amma sha ne na tsawon rai, kuma wanda ya ji sauƙi ya ajiye su yana iya rasa hantarsa. Idan an gano ta ga mutum ɗaya, wajibi ne a gwada 'yan'uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, ko da lafiyarsu ƙalau, domin kowannensu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

A nan ne aikin iyali yake shigowa, kuma a ganina ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. A 1934, a birnin Oslo na ƙasar Norwe, wata uwa ta kai wa wani likita mai suna Folling 'ya'yanta biyu da hankalinsu bai bunƙasa ba, ta nace cewa akwai wani wari na daban da take ji daga gare su. Da ya ɗiga wani sinadari a fitsarinsu, sai ya rikiɗe ya zama kore, abin da bai taɓa gani ba. Daga nan aka gano cutar da ake kira fenilketonuriya, wadda jiki yake kasa sarrafa wani ɓangare na abinci mai gina jiki, har ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. Yau a ƙasashe da dama ana ɗan soki diddigen jariri cikin kwanakin farko na haihuwa a ɗauki ɗigon jini, idan an samu cutar a ɗora shi kan abinci na musamman, ya girma da hankalinsa kamar kowa. Hancin uwa ne ya buɗe wannan ƙofa, domin ita ce take tare da yaran dare da rana.

Saboda haka duk wanda yake jinyar ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya tanadi littafi guda. Ya rubuta ranar da kowace alama ta fara, da lokacin da take tsananta, da sunan kowane magani da abin da ya biyo bayan shan sa. Ya rubuta tarihin dangi ba tare da jin kunya ba: ko wani ya taɓa yin irin ciwon, ko an rasa jarirai a jere, ko uwa da uba suna da dangantaka ta jini, domin irin waɗannan cututtuka sun fi bayyana idan iyaye biyu suna ɗauke da gado iri ɗaya. Kada a yar da takardar gwaji ko hoton asibiti, ko da an ce ba a ga komai ba, saboda sakamakon da ya fito lafiya ma yana rage wa likita na gaba aiki. Ba rashin ladabi ba ne a tambayi likita cewa, "Idan ba wannan ba ce, mece ce kuma za ta iya zama?" ko a roƙe shi ya tura majiyyaci wurin ƙwararre.

Gaskiya ce mai ɗaci cewa mafi yawan waɗannan cututtuka har yanzu ba su da maganin warkewa, shi ya sa masu sayar da maganin kowace cuta suke samun kasuwa a wurin iyalan da suka gaji. Duk da haka sanin sunan cutar yana hana shan magungunan da ba su dace ba, yana nuna gaɓar jikin da za a riƙa sa wa ido, yana kuma ba ma'aurata damar neman shawarar likita kafin haihuwa ta gaba.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zana jerin danginsa tun daga kakanni zuwa 'ya'ya, ya rubuta a gaban kowane suna ciwon da aka san shi da shi, da shekarun da ciwon ya fara, sannan ya adana takardar tare da katinsa na asibiti.