Yadda Za Ka Kare Imel Ɗin Ma'aikata Daga Saƙonnin Banza

Saƙonnin banza su ne waɗanda ake tura wa dubban mutane ba tare da sun nema ba, kuma mafi haɗarinsu su ne masu shigar burtu, waɗanda ke zuwa da sunan banki ko kamfani domin satar kalmar sirri.

Fara da tantance mai aikawa. Sanya bayanin SPF a rajistar DNS ɗinku, wato kundin da ke riƙe bayanan adireshin ma'aikatarku a intanet, domin ya lissafa sabobin, wato kwamfutocin aika imel, da aka ba izinin aika saƙo da sunanku, sannan ka kunna DKIM, wanda ke sa hannu na lantarki a kan kowane saƙo, ta yadda za a gane idan an sauya shi a hanya. DMARC kuwa shi ke sanar da mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin SPF da DKIM. A ganina gaggawa a nan kuskure ce: ka fara da umarnin DMARC na sa ido kawai, ka bibiyi rahotanni na wasu makonni kafin ka koma ga ƙin karɓa, don kada wasiƙunku na gaskiya su salwanta.

Tun Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo suka wajabta SPF, DKIM da DMARC a kan masu aika saƙonni da yawa.