Yadda Ake Haɗa Sirdin Kaboyi da Hannu: Jagora ga Sabon Baduku

Sirdin kaboyi, wanda makiyayan yammacin Amurka suka gada daga makiyayan Meziko, su kuma daga Sifaniyawa, kayan aiki ne na mutumin da zai yini a kan doki yana bin shanu. Shi ya sa yake da nauyi, wajen kilo 16 zuwa 20 in na aikin garke ne, kuma yake da ƙaho a gaba, inda ake naɗe igiya idan an zarge saniya. Badukun da ya iya yanka fata mai kauri, ya iya fere ta, ya iya ɗinkin allura biyu, zai iya haɗa shi. Wanda kuwa bai taɓa ɗinka ko da ɗamara ba, gara ya fara da ƙananan kaya tukuna, don fatar sirdi tana da tsada, kuma abin da wuƙa ta ci ba ya dawowa.

Ƙashin sirdi

Duk sirdin a kan ƙashinsa ake gina shi, kuma ba kai za ka sassaƙa shi ba, saye ake yi wurin masu wannan sana'a. Itace ne aka lulluɓe da ɗanyar fatar sa, aka ɗinke tun tana jiƙe, da ta bushe sai ta ɗame shi tamau. Sassansa su ne alluna biyu masu kwanciya a bayan doki, da kwacciyar gaba, da ƙaho, da kwacciyar baya.

A sirdin farko, ka nemi mai siririyar kwacciyar gaba, irin samfurin Wade da kamfanin Hamley na garin Pendleton a jihar Oregon ya yi suna da shi. Mai kumburarriyar kwacciya sai an tsaga marufinta an ɗinke da ƙari a gefe, aikin da ke ba ƙwararru ma wahala. Tsawon mazauni na babban mutum yakan kama inci 15 zuwa 16, ana aunawa daga gindin ƙaho ta baya zuwa saman kwacciyar baya. Ka tuna fata za ta cinye wajen rabin inci daga ciki.

Faɗin kogon da ke ƙarƙashin kwacciyar gaba yakan kama inci 6 da rabi zuwa 7, amma masu sassaƙa ba su da ma'auni guda, don haka lamba kaɗai ba ta isa ba. Ɗora ƙashin a bayan dokin ba shimfiɗa, daidai bayan ƙashin kafaɗa. Zura hannu ƙarƙashin allo: in gaba da baya suna taɓawa amma tsakiya a sake take, nauyin mahayi zai taru a wuri huɗu kawai, ya ƙuje dokin. In kuma yana lilo gaba da baya, allunan sun cika lanƙwasa. Tsakanin kogo da doron doki a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku. Yawancin ƙasusuwan da ake sayarwa an yi su ne don faffaɗan dawakin Amurka. Dawakin ƙasar Hausa sun fi su siranta, saboda haka in irinsu za ka yi wa, sai ka nemi matsattse, in ba haka ba kogon ya zauna a kan doro.

Kafin ka taɓa fata, ajiye ƙashin a kan tebur mai miƙaƙƙen sama ka duba ko ya murɗe. In ya murɗe, mayar da shi.

Fata da sauran kaya

Ana bukatar kirgi mai kauri wanda aka jeme da ɓawon itace, mai oza 13 zuwa 15 a lissafin Amurkawa, wato milimita 5 zuwa 6. Rabin fatar sa guda biyu ke yin sirdi ɗaya a hannun gwani. Sabon hannu ya tanadi na uku. Majemun da masu sirdi suka fi sani su ne Hermann Oak a birnin St. Louis da Wickett & Craig a jihar Pennsylvania. Jar fatar akuya, duk kyawunta, ba ta ɗaukar wannan aiki, sai dai a yi ado da ita. Sai buzun tunkiya babba mai gashi inci 3/4 zuwa 1, da fata mai maiƙo don maɗaurin majayi da igiyoyin sirdi, da zobban majayi na tagulla ko baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, da ribit na jan ƙarfe lamba 9, da sukuru lamba 10, da ƙananan ƙusoshi, da gam, da zare mai kakin zuma. Kayan aiki kuwa: wuƙa mai baki kamar jinjirin wata, da wuƙar fira, da basilla mai kaifi, da ƙarafan huda, da guduma, da awartaki, da dokin katako mai ɗamarar da ke janyo fata ƙasa.

Inda ka yanko kowane sashe daga jikin fatar shi ne rabin aikin. Gadon baya ya fi ƙarfi, ba ya miƙewa, daga nan ake yanko maratayan likkafa, faɗin inci 3, tsawo wajen inci 65. Ka yanko ɗaya daga kowane rabi, a wuri iri ɗaya, in ba haka ba bayan wata shida ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mazauni da makaran ƙafa (faffaɗan fatun da ke kare ƙafar mahayi daga jikin doki) da mariƙin majayi (fatar da ke riƙe zobban majayi) daga ɗuwawu da tsakiya. Marufin kwacciyar gaba daga wajen cikin san, inda fata ke miƙewa. Wuya da guntaye a ajiye su don harsashin mazauni, wato fatun da ake jerawa a ƙarƙashin fatar mazauni. Zana komai a kwali, jera kwalayen duka a kan fatun biyu, sannan ka ɗauki wuƙa.

Fatar da za a lanƙwasa sai an tsuma ta: a tsoma a ruwa mai ɗumi-ɗumi, a naɗe a leda ta kwana, a buɗe har launinta ya fara komawa amma tana da sanyi a hannu. Ruwan zafi yana ƙone ta, ta yi tauri ta karye. Baƙin ƙarfe kuma in ya taɓa jiƙaƙƙen kirgi yana barin baƙin tabo mai wuyar fita, don haka a share garin ƙarfe daga tebur.

Shimfiɗun ƙasa da harsashin mazauni

Ja layin tsakiya daga ƙaho zuwa kwacciyar baya, ka kafa 'yar ƙusa a tsakiyar kwacciyar baya. Duk awon hagu da dama daga wannan ƙusa za a riƙa yin sa.

Fara da shimfiɗun ƙasa biyu, wato faffaɗan fatun da ake kafawa a ƙarƙashin alluna, tsakaninsu da bayan doki. Jiƙa su, kafa su a ƙarƙashin allunan da ƙusoshin wucin gadi, ka buga gefensu da guduma har allo ya nutse ya bar gurbinsa. Su bushe a haka, ka cire ka ajiye. Sai ka liƙa wa kogo marufi.

Harsashin mazauni shi ne wurin da ya kamata ka daɗe a kai, domin ba wanda zai gan shi, amma shi mahayi zai zauna a kai shekara da shekaru. Tsakanin allunan biyu akwai rami. Ana rufe shi da gadar kwanon ƙarfe da aka yanka daidai, ko kuma da fata zalla. Ta kwano ta fi sauƙi ga mai koyo. Kafin ka ɗora ta, sa guntayen fata masu kaurin maratayin likkafa a gurbin da marataya za su bi ta saman allo, don hanyar ta kasance a buɗe idan ka cire su daga baya. Mutane da yawa kan manta da wannan, sai a ƙarshe su tarar marataya ba sa shiga, ko sun shiga ba sa lilo.

A kan gadar ake liƙa fata hawa biyu ko uku, kowane hawa a fere shi kafin a ɗora na gaba. Abin da ake nema: wuri mafi zurfi ya faɗo kaɗan gaba da gindin kwacciyar baya, gaban ya taso a hankali, gefen da cinya ke bi ya zama siriri mai santsi. In gaban ya cika tasowa, zai tura mahayi baya ya manne da kwacciya, ƙafafunsa su yi gaba. In tsakiya ta yi faɗi, za ta buɗe masa cinya, kafin azahar ƙugunsa ya riƙe. In kuma ta yi tsini a tsakiya, ba sai an faɗa ba. Fere kaɗan, hau ka zauna, sauka ka ƙara fira. Ka shafa da tafin hannu, domin hannu yana jin tudun da ido ba ya gani, kuma ko ƙanƙanin tudu zai fito ta saman fatar mazauni. Yanka kwali daidai lanƙwasar gefe ɗaya, juya shi ka gwada a ɗayan.

Ƙaho da kwacciyoyi

Marufin ƙaho fata uku ne: ta ƙasa, ta ciko, da ta sama mai fukafukan da ke naɗe wuyansa. A liƙa, a ɗinke zagaye, a datse baki. Marufin kwacciyar gaba a jiƙa shi sosai, a huda ramin ƙaho ƙasa da kaurin wuyan, don fata ta shiga da ƙyar ta ɗame. Ka fara gwada shi ba gam, kana jan tattarar zuwa ƙasa inda mazauni zai rufe ta. Ya sha iska, sannan ka cire, ka shafa gam, ka mayar. Bayan kwacciyar baya ma haka.

Mariƙin majayi

Nan ran mahayi yake. Gurbin zoben gaba yana da suna gwargwadon nisansa daga kwacciyar baya: cikakke, wato daidai ƙarƙashin kwacciyar gaba, sai 7/8, sai 3/4, har zuwa tsakiya. Na 7/8 ya dace da yawancin dawaki. In ya cika matsowa gaba, majayi zai ci hammatar doki.

Fatar mariƙi a ninka ta biyu, a ɗinke, a buga mata ribit, a ɗaure ta a allo da sukuru bayan an fara huda 'yar hanya. Auna tsawon sukuru da kaurin allo, kada tsininsa ya leƙo ta ƙasa. Kafa gefe ɗaya, sannan ka auna daga ƙusar tsakiya zuwa zobe, da kuma daga bakin allo zuwa ƙasan zobe. Ɗaya gefen ya zo daidai a awon biyu. Ko da 1/8 na inci ne bambancin, cire ka sake, domin karkataccen mariƙi yana jan sirdi gefe guda duk yadda aka ɗaure shi, ya bar farin gashi a bayan doki, kuma babu shimfiɗar da ke gyara wannan.

Mazauni

Wannan ce fata mafi girma da tsada. Yanka ta da rara ta kowane gefe, tsuma ta, ɗora ta bisa layin tsakiya, janyo ta ƙasa da ɗamarar dokin katako, ka riƙa danna ta cikin kwarin kwacciyar baya da santsin katako. Sai yanka wurin da ta haɗu da kwacciyar gaba, da kunnuwa biyu a gindin kwacciyar baya. A kunnuwan nan ne yawancin sirdin farko ke lalacewa: an yanka da yawa, itace ya bayyana. Ka yi ta ragewa kaɗan-kaɗan, kana mayarwa kana dubawa, kuma ka huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba da yagewa. In ado za ka yi, yanzu ne, kafin a liƙa, amma a sirdin farko layin baki kawai ya wadatar.

Bayan an liƙa, bakin kwacciyar baya ya tara fata uku: mazauni, ciko, da marufin baya. Ana lulluɓe su da siririyar fata a ɗinke da hannu, ɗinki 5 zuwa 6 a kowane inci. Akwai salon da ake lanƙwaso bakin baya, mai sunan birnin Cheyenne na jihar Wyoming, bar shi sai sirdi na biyu. Wahalar ɗinkin nan ita ce basilla tana shiga ta gaba a kan layi, ta fito ta baya inda ta ga dama. Ja layi a bayan ma, ka tura basillar a hankali har ka ga tsininta yana tasowa, in ba a kan layi yake ba ka ja baya ka gyara kafin ya huda. Ka riƙa soka ta a kakin zuma.

Haɗawa

Ɗauko shimfiɗun ƙasa, ka liƙa musu ciko a zagayen gurbin allo don bakinsu ya yi ƙarfi kada ya naɗe. Yanka buzu don kowacce, gashin biyun ya kwanta fuska ɗaya, in ya saɓa shimfiɗar doki za ta riƙa zamewa a karkace. Kada ka ja buzu yayin liƙawa, yana yagewa. Ɗinke baki, datse gashin gefe. Mayar da su gurbinsu, ɗaure da sukuru a kogo da igiyoyin sirdi masu faɗin rabin inci. In igiyoyin ta cikin allo za su bi, a zura su kafin a sa buzu, su kwanta lumui, kada su zama ƙulli a bayan doki. Sai marufan baya, wato fatun da ke rufe ƙarshen alluna a bayan kwacciyar baya, a ja su su kwanta a kan shimfiɗun ƙasa ba rata.

Maratayan likkafa a jiƙa su a rataye da nauyi su miƙe kafin a huda ramuka, kuma a huda biyun tare. Haɗa su da makaran ƙafa da ribit, zura ta saman allo, sa likkafa. Jiƙa makaran, murɗa kowace likkafa ta fuskanci gaba, zura sanda ta cikinsu su bushe a haka, don kada su riƙa murɗe wa mahayi gwiwa.

Shafa man ƙafar sa tsantsa, siriri-siriri sau biyu ko uku, kwana ɗaya tsakani. Mai da yawa yana sa fata ta saki, ta yi ta miƙewa. Daga nan ɗaura wa doki a kan shimfiɗa mai tsabta, a yi tafiya har ya yi gumi, a sauke a duba bayansa. Gumin ya zama bai ɗaya a gefen biyu. Busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙe alamar matsi ce: in gefe ɗaya ne, koma ka auna mariƙin majayi ka kuma lalubi ƙulli a ƙarƙashin buzu, in duka biyun ne a wuri guda, ƙashin ne bai dace da wannan dokin ba.